Kunun Wata Shida

Ranar da Mujahid ya cika wata shida ba wanda ya yi murna a gidan Aƙilu da ke Yammedi. Aka karɓe ludayi daga hannun Munawwara, aka ware mata kwano da buta, aka ce ko inuwarta kada ta faɗa kan yaron.

Ƙanwar Aƙilu ce, marainiya, ita ke damun kunu a gidan tun tana 'yar mitsitsiya. Maza biyu matarsa Habiba ta haifa kafin wannan, kowanne ɓul-ɓul har wata shida, ana fara ba shi kunu sai kunne ya ɗau ruwa, tari ya sauka ƙirji, kafin yaye an kai shi makwancinsa. Inna Maiturare, mahaifiyar Habiba, takanas ta taso daga Rogo ta yanke hukunci a tsakar gida.

"Ga mayyar nan a gabanku. A kunu take kama kurwarsu."

Mata suka daina amsa mata gaisuwa a rijiya, mai nemanta ya ɗauke ƙafa. Baiwar Allah sai ta kifa kai a kan sallaya tana kuka. "Ya Allah, ni na goya su... Kai ne shaidata. Ka raya wannan ko don gaskiya ta fito."

Mujahid bai ɗanɗana kununta ba, amma wata bai zagayo ba kunnensa ya fara ruwa. Inna ta ce ai da ido ma ana ci. Asibitin Karaye suka tura su Kano, Habiba da Inna na gaba da yaron, Munawwara na biye daga nesa da jakar kaya.

Da sakamakon jini ya fito, likita ta ce, "Jikinsa ba ya haɗa garkuwar da ke yaƙar cuta. Wadda ya samo a cikin uwa ce ke riƙe shi, takan ƙare wajen wata shida. Gado ne, ta jinin uwa yake bi, maza yake kamawa. Hajiya, kin taɓa rasa 'ya'ya maza haka?" Inna take tambaya.

Habiba ta juyo a hankali.

"Inna... yayyena Zubair da Sulle, ba ƙyanda kika ce mini ta kashe su ba?"

"Haka suka tafi," in ji Inna. "Tun a ɗanki na fari na gane. Tsoro na ji a ce daga wajenmu ne, a sako ki."

Gado ba laifin kowa ba ne, amma ƙazafi laifi ne. A bakin rijiyar nan mai unguwa ya tsayar da Inna ta janye maganarta, ta koma Rogo ba ko ɗan rakiya.

Duk wata ake yi wa Mujahid ƙarin garkuwa a Kano. Da ya fara rarrafe, Habiba ta zo har ɗakin Munawwara da ludayin nan, hawaye na zuba.

"Ki yafe mana. Ɗanki yunwa yake ji."