Ba Gishiri

Da aka ce wa Insifekta Salim an yi kisa a unguwar Rayfield, ya ɗauka gawar mutum zai tarar. Sai da ya shiga falon Injiniya Tope ya ga abin da aka kashe. Kifaye ne ƙanana, masu ruwan lemo da shuɗi, an jera su a kan farin tawul kamar za a yi musu sutura.

Dariya ta taso masa. Fuskar mai gidan ce ta mayar da ita.

Wani tankin gilashi ya cinye bango guda, cike da ruwan teku, a tsakiyar Jos. Duwatsun da ke ciki sun yi fari fat kamar ƙashi. Tope, Bayarabe dattijo mai furfura a gemu, ya ce ba duwatsu ba ne, murjani ne, kuma masu rai ne. Marigayiya matarsa Fadeke ce ta taho da su daga Legas, ta yi shekaru tana renonsu a madadin 'ya'yan da Allah bai ba su ba. Tun da ta rasu, gaban tankin nan yake shan shayinsa.

Hutu ya tafi Ibadan, don ya huta, ya kuma shaida wa danginsa zai sake aure. Ya dawo ya iske ruwan ya yi dishi-dishi. Da ya auna, gishirin ya wuce abin da kowane mai rai zai iya ɗauka.

"Wani ne ya zuba da gangan," ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo. "Matata shi ne ya bar mini wannan. Ko wane ne, ba zan sake kallon fuskarsa ba."

Mutum biyu ke da makulli. Ɗaya Dalyop mai gadi, wanda tuni Tope ya sa aka kama. Ɗayar kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu: Ana, bazawara 'yar Berom mai sayar da dankali da kabeji, wadda zai aura. Ita ba ta jin Yarbanci, Turancinta bai wuce na ciniki ba, don haka da Hausa suka ƙulla soyayyarsu. Ta ce abinci kawai take zuwa ta ba kifayen, ba ta taɓa komai ba.

Salim ya shafa bakin tankin, wani farin gari ya maƙale masa a yatsa. Laushinsa irin na gishirin miya ne. A gefe kuma ga bokitin gishirin teku na musamman da Tope ke saya daga Legas, murfinsa a liƙe, ba a ko taɓa shi ba.

Abin ya tsaya masa a rai. Mai son ɓarna ai fiya-fiya zai tsiyaya sau ɗaya ya yi tafiyarsa.

A caji ofis, Dalyop na bayan kanta, idanunsa sun yi ja. Ya rantse bai taɓa barin bakin ƙofa ba, kuma bai ga kowa da komai ba. Salim ya tambaye shi to wa aka gani a wurin biki a Vom yana rawa har da cire hula. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ƙanwarsa ce aka aurar, kuma oga ba ya son a bar gida.

"Ƙarya ɗaya ke nan. Saura ɗayar."

"Oga, ni ban ga komai ba."

"Dalyop, kotu za a kai ka."

Ya daɗe yana murza yatsunsa kafin ya ce Madam Ana kan shigo da baƙar leda, ta fita babu ita. Bai faɗa ba ne don cocinsu ɗaya, kuma duk unguwa an san irin wahalar da ta sha kafin Allah ya haɗa ta da Injiniya.

Shagon da ke kan kwana na wata Chiazo ne, mace mai yawan raha. Ba ta ma bari ya ƙarasa tambaya ba. Ta ce Ana ta kwashe mata gishiri kaf, har ta tsokane ta ko fatar shanu za ta jeme. Ita kuwa Ana sai ta amsa cewa aikin ango ne, tana murmushi kamar yarinya.

Salim ya koma mota ya zauna bai tayar ba. Ya kama ɓarayi, ya kama masu kisa, bai taɓa jin kunyar gano gaskiya ba sai yau. Wace mai laifi ce za ta sayi makaminta da rana tsaka, tana fara'a, har tana alfahari? Ya so ya rufe maganar. Amma akwai mutum a tsare da ba shi da hannu.

Ya same su a falo. Tope na ta canza ruwan da bokiti, duk da ya san abin da ya yi fari ba ya dawowa. Ana na riƙe masa tiyo.

Salim ya tambayi Tope ko ya kira gida lokacin da yake Ibadan. Ya ce ƙwarai. Ya tuna ruwan tankin kan ragu da kansa saboda iska, ruwa ne ke tafiya, gishiri na nan, don haka tsabtataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Shi ne ya kira Ana ya gaya mata.

"Me ka ce mata? Yadda ka faɗa nake so."

"Na ce, Ana, ki duba tanki. Ruwa, ba gishiri."

Salim ya rufe ido. Sau nawa shi kansa ya ɗanɗana miya ya ce wa matarsa ba gishiri, ta miƙo masa gwangwanin?

Tiyon ya suɓuce daga hannun Ana, ruwa ya malale a kan dadduma.

"Na ɗauka ce mini ka yi gishirin ya ƙare," ta ce. "Na ɗanɗana, na ji akwai, amma na ce kai ka fi ni sani. Na zuba. Da na ga kifayen sun yi lakwas, na ce bai isa ba ne, na ƙara."

Ta ce so ta yi ya dawo ya ga ta riƙe masa amanar Fadeke, kada ya zaci tana kishi da wadda ke kabari. Ranar da na farko ya mutu, ta durƙusa a gaban gilashin tana addu'a, ba ta san wa za ta kira ba. A duk Jos wa ya san ciwon kifin teku?

Tope ya zauna a ƙasa, cikin ruwan. Leɓunansa na maimaita kalmomin nan biyu ba tare da sauti ba.

"Ni na faɗa," ya ce can. Sannan ya ɗago. "Amma kina tsaye aka tafi da Dalyop. Kina tsaye na rantse."

"Don ka rantse ne na kasa."

Babu dokar da Salim ya sani da za ta gyara wannan. Ya ce a hankali dole ta biyo shi ta ba da bayani kafin a saki mai gadi, in Injiniya ya janye ƙara kuma, shi ke nan. Bai fito da ankwa ba. Sai Ana ta kwance makullin gidan daga bakin zaninta, ta ajiye a kan tebur, ta bi shi.

Ya tuƙa motar a hankali fiye da yadda ya saba, yana ba wa mutumin lokaci.

"Insifekta," ta ce daga baya, ba ta juya ba. "Ya fito?"

Salim ya duba madubi. Ƙofar gidan na buɗe, babu kowa a bakinta.

"Tukuna," ya ce.