Jar Kuɓewar Mama

A Kasuwar Shanu Hamisu ya fara ganinta, da buhu a hannu, tana takawa a hankali kada takalminta ya ɓaci. Yana taya mahaifinsa cinikin wani bijimi, amma sai ya saki igiya ya nufo ta.

"'Yanmata, saniya ko sa?"

"Kashinsu nake nema," ta ce tana dariya. "Taki zan yi wa shukata. Amma tsoho fa, wanda ya daɗe ya huce."

Ya ji kalmar taki. Sauran maganar kuwa ta wuce shi, domin idonsa na kan 'yar lotsawar da kumatunta ke yi in ta yi murmushi. Da ya saurara da kunne a ranar, da bai yi kukan da ya yi daga baya ba.

Sunanta Ammatullahi, a unguwar Gwange ta Maiduguri take, gidan mahaifinta Baba Umara tela. Shi ya kai mata buhun har gida, ta nuna masa kangon da ke jikin katangarsu, inda ta jera buhuna da tsofaffin bokitai cike da yakuwa, alayyahu da attaruhu. Can gefe guda akwai wasu ƙananan tsirrai masu jan jiki, ta kewaye su da kara.

"Wannan kuɓewar Mama ce," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Daga ƙauyensu ta taho da irin, ƙulle a bakin zani, shekarar da suka gudo daga rikici. Bara ta rasu. Ɓera ya cinye sauran, ɗan abin da ya rage ne na shuka duka."

Da zai tafi ta miƙa masa tsiron kuɓewar guda ɗaya a gwangwanin madara. "Ladan dako."

Daga nan soyayya ta kama su. Ta kan aika masa da burabisko da miyar yakuwa, shi kuma ya yi ta santi a waya.

"Ammata, yau na cinye har da kanzo. Hajiyarmu ta ce in tambaye ki ko hannunki zinare ne."

"Gaishe ta. Kai kuma Mai Shanu, ka ba ɗan gwangwanina ruwa?"

Ana cikin haka bikin 'yar gwaggonta ya taso a Biu. Ta danƙa masa makullin kangon.

"Ruwa kawai, safe da yamma. Ka ji ko?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Amma Hamisu so yake ta dawo ta tarar da abin mamaki. Ya tuna ta taɓa zuwa neman taki, ga shi kuwa shi ɗan gidan taki ne. Da sassafe ya kwashi ɗanyen kashin shanu, mai ɗumi, wanda ya jiƙe da fitsari, ya zaɓi mafi kyau a ganinsa, ya lafta wa kuɓewar har wuya. Sauran ganyayyakin bai taɓa su ba, domin wadda ta fi so ita ya fifita.

Rana ta buɗe kamar yadda ta saba a Maiduguri. Ganyen ya fara naɗewa, bakinsa ya ƙone, jan jikin ya koma baƙi. Ya yi ta kwara ruwa yana addu'a, ya sa hannu yana kwashe kashin, amma aikin gama ya gama.

Ranar da ta dawo ba ta yi ihu ba. Durƙusawa ta yi tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa na ce maka, Hamisu."

"Wallahi gata na so in yi musu..."

"Tun ranar farko na ce maka tsoho. Ina hankalinka yake?"

Ya kasa cewa a kumatunta yake. Ta karɓi makullinta ta shige gida.

Baba Umara, wanda dama bai saki jiki da shi ba, ya tare shi a ƙofa. "Yaro, ruwa aka ba ka amana ka ƙara da son ranka. Idan na ba ka 'ya fa? Matata ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba. Miyar nan ce kaɗai ke dawo min da ita."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Hamisu ya koma gida ya rufe ɗaki. Saƙonni ya yi ta turawa.

"Ammata, ban cancanci amsa ba. Na sani."

"Ammata, ko zagina ne ki yi."

Shiru. Sai labari ya iso masa cewa Umar Faruk, ɗan wan Baba Umara da ke GRA, ya fara zuwa zance, har ya yi alkawarin lambu mai famfo a bayan gidansa.

Yana zaune a baranda cikin wannan baƙin ciki idonsa ya faɗa kan gwangwanin madara. Shi kaɗai ya tsira, saboda ya raina shi bai yi masa gata ba. Nan take ya mayar da shi cikin bokiti, ya kai shi inda rana ke samu, ya yi masa shinge saboda akuya. Bai gaya mata ba, tsoro yake kada ya sa mata rai wannan ma ya mutu.

Tsiron ya girma, ya yi fure, ya fitar da 'ya'ya jajaye. Wata rana ya tarar da mahaifiyarsa da wuƙa a kansa.

"Hajiya, don Allah!"

"Kai, miya zan kaɗa. Kuɓewa har ta fara tsufa kana kallo?"

"Tsufan nake jira. Aurena ne a jikinta."

Ta dube shi, ta ajiye wuƙar. "To Allah ya shirye ka."

Sai da ƙwansayen suka bushe suna kacau-kacau ya cire su, ya nufi Gwange. Baba Umara ya fara samu a bakin kekensa na ɗinki. Ya durƙusa ya ajiye su.

"Baba, ba toshi na kawo ba. Kayanku ne. Ko wa kuka ba aurenta, a shuka irin a gidansa."

Tsohon ya fasa ɗaya, irin ya zubo a tafinsa. Sai ya ƙwala wa 'yarsa kira. Da ta gani ta dafe bango, hawaye na zuba.

"Ɗan gwangwanina ne?"

"Shi ne."

"Na yi ta kuka da kai," ta ce, "alhali ni ce na zuba irin duka a ƙasa ban ajiye ko ɗaya ba. Da wa zan yi fushi? Kai ne kusa."

Ta juya ga mahaifinta. "Baba, a ba Ya Umar Faruk haƙuri."

Bayan damina aka ɗaura aure, aka yi bikin dare na wushe-wushe, dangi suka cika Gwange da guɗa. Miyar farko da amarya ta kaɗa a gidanta ta jar kuɓewa ce, kwanon farko kuma Baba Umara aka kai wa. Ya yi loma ɗaya ya tsaya, ya goge ido da hannun riga.

"Allah ya jiƙan mai irin. Ku kuma Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana."

Har yau Hamisu kan tsaya a bakin buhunan da butar ruwa a hannu, ya leƙa kicin.

"Ammata, in zuba?"

"Ruwa kawai, Mai Shanu."