Limamin da Ya Fuskanci Dutsen Zuma

Ranar Laraba ce, goma sha bakwai ga watan Sha'aban, da ƙarfe shida saura kwata na yamma, Malam Haladu na Kazaure ya sa ƙafa a kan hanyar da ta zagaye madatsar ruwan da ke bayan garin Suleja. Ku matso kusa, domin wannan ba labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne.

Baƙo ne a garin. 'Yarsa Rakiya ce ta haihu, ya zo ganin jika. Surukinsa Isyaku ya rasa abin da zai karrama shi da shi, sai ya ɗauko shi a mota ya kawo shi inda mutanen gari suke shan iska. Wurin yana da kyau, babu musu. Siririyar hanya ce ta jar ƙasa a ƙarƙashin inuwar darbejiya, ruwa shimfiɗe a gefe guda, can ƙetare kuma ga Dutsen Zuma a tsaye, da fuskar nan tasa mai kama da ta mutum.

Malam Haladu tsohon malamin makaranta ne, mutum mai tsari, wanda ba a taɓa ganin hularsa a karkace ba. Babban abin tinƙahonsa shi ne, tun da ya mallaki hankalin kansa bai taɓa yin farilla shi kaɗai ba, muddin akwai wanda zai bi ko wanda zai bi shi.

Da rana ta yi ja, masu gasa kifi suka fara kashe wuta, samari masu ɗaukar hoto suka watse, kowa yana sauri ba tare da ya ce sauri yake ba. Isyaku ya san abin da ake faɗi game da wurin in almuru ta yi. Amma ta yaya suruki zai dubi uban matarsa ya ce masa a tashi a gudu? Sai ya shiga kewaye-kewaye. Ya kawo zancen sauro, ya kawo zancen tuwon Rakiya da zai huce. Malam Haladu ya ce shi bai zo tun daga Kazaure don ya ga dutsen ta gilashin mota ba, kuma magariba inda ta riske su nan za su yi ta. Dole Isyaku ya ce bari ya ɗauko buta da darduma.

"Baba, don Allah a tsaya a kan hanya. Kada a gangara."

"Je ka ka dawo," in ji Malam Haladu.

Takun Isyaku ya ɓace. Kwaɗi suka fara kuka, can kuma suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

A lokacin ya hango mutumin. Yana can gangare, daf da ruwa, dogo, cikin farar riga, ya riga ya tsaya sallah shi kaɗai. Ran Malam Haladu ya yi fari. Yana da alwalarsa tun la'asar, ga kuma jam'i ya samu. Baƙo ba ya tambayar alƙibla in ya ga ɗan gari a tsaye, inda aka fuskanta nan yake fuskanta. Ya gangara, ya tuɓe takalmi, ya dafa kafaɗar mutumin kamar yadda ake yi don ya san an bi shi, ya tsaya a damansa ya yi kabbara.

Kafaɗar jiƙe take, da sanyi irin na ƙasan randa. Ya ce a ransa masunci ne.

Liman ya fara karatu a bayyane. Malam Haladu ya kasa kunne don ya gane surar. Muryar tana da daɗi, tana hawa tana sauka yadda ya kamata, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Kamar ruwa ne yake shiga tulu. Sai kuma ya ji ɗumin jan rana a kumatunsa na dama. Mai sallar magariba a bayansa yake barin mafaɗar rana. Ya ɗaga ido kaɗan. Ba gabas suke kallo ba. Dutsen suke kallo, dutsen kuma yana kallonsu.

Liman ya yi shiru, irin shirun da ake yi a ƙarshen Fatiha.

Daga bayan Malam Haladu aka amsa amin. Ba murya ɗaya ba, ba goma ba. Amsa ce mai nauyi, ta maƙogwaro cike da ruwa. Shi kuwa ya san da ya gangaro babu komai a bayansa sai ciyawa.

Wani hannu ya kama gefen rigarsa ya ja a hankali, yadda ake jan mamu ya dawo cikin sahu in jama'a ta ƙaru. Bai iya ƙi ba. Ya ja da baya. Kafaɗu masu sanyi suka matse shi dama da hagu, ƙafafu suka manne da nasa don daidaita sahu. Da aka yi ruku'u ya ga ƙafafun. Diddige ne a gaba, yatsu suna kallon baya, gansakuka ta fito a tsakaninsu.

Ya so ya yanke sallar ya ruga. To, ta ina? Sahu ne a bayansa, bayan sahun wani sahu. Kuma shi mutum ne da bai taɓa yanke sallah ba, jikinsa bai san yadda ake yi ba. Aka yi sujada, ya yi. Goshinsa ya nutse a cikin taɓo.

Da suka miƙe raka'a ta biyu, ruwa yana idon sawunsa. Bai ga wanda ya taka ko taku ɗaya ba. A zaman tahiya ruwan ya rufe masa cinya. A sujadar raka'a ta uku kansa duka ya shige, ruwa ya cika masa kunne, liman kuwa ya daɗe bai ɗago ba, har ƙirjin tsohon ya fara tsagewa. Da aka ɗago ya zauna yana haki, ruwa a ƙirjinsa. Abu ɗaya ya riƙe a ransa: magariba uku ce. Saura tahiya da sallama, a sake shi.

Liman ya miƙe tsaye.

Sahu duka ya miƙe tare da shi, ruwa yana zuba daga rigunansu. Malam Haladu ya gane cewa in ya bi su ya sake kai goshi ƙasa, ba zai ɗago ba. Hannun nan ya kama rigarsa yana ja sama. Amma in liman ya ƙara raka'a, wanda ya tabbatar da lissafinsa ba ya binsa, zama yake yi ya tunatar da shi. Ya kafa gwiwoyinsa a cikin taɓo, ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa.

"Subhanallah."

Komai ya tsaya. Ko ɗigon ruwa ba a ji. Liman bai juyo ba, amma muryarsa ta fito kamar a cikin kunne.

"Tashi."

"Uku ce," in ji Malam Haladu.

"Kai ka dafa ni. Ban kira ka ba."

Malam Haladu ya gyara zama. Ya fara tahiya da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda ya koya wa yara shekara da shekaru. Ruwa ya kai masa haɓa. Ya rufe ido, ya juya kai dama, ya yi sallama.

"Saura tawa," in ji liman, a hankali, kamar mai roƙo.

Mamu yakan mayar wa limaminsa sallama, ya mayar wa na hagunsa. Harshen Malam Haladu ya saba, har leɓensa ya motsa. Ya cije shi sai da ya ji gishirin jini. Bai ba su sallamar ba.

Hannuwa biyu suka cafke shi ta ƙarƙashin hammata. Ya yi zaton an gama, sai ya ji hannuwan da ɗumi. Isyaku ne, cikin ruwa har wuya, yana jansa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Daga baya ya ce shi bai ga kowa ba. Surukinsa kawai ya hango a zaune can cikin ruwa, nesa da gaɓa, hula tana yawo a gefe.

Saboda haka ku kiyaye. Kada ɗayanku ya bi hanyar nan shi kaɗai in rana ta yi ja, kuma duk wanda kuka tarar yana sallah a inda ba ku sani ba, ku duba inda ya sa gaba kafin ku dafa shi.

Washegari da hantsi Malam Haladu ya ce sai an mai da shi bakin ruwan. Isyaku ya roƙe shi ya haƙura, ya ƙi. Takalmansa suna nan a jere inda ya ajiye su. A kan taɓon gaɓa kuwa ga gurbin goshi, sahu bayan sahu, duk suna fuskantar dutsen. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinin sanda yana ƙirgawa, bai tsallake ko guda ba. Isyaku ya nuna wani gurbi a tsakiyar sahun farko, ya ce da murya ƙasa-ƙasa wannan kam kada a ƙirga shi, ba nasu ba ne. Tsohon ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya zaro alƙalami daga aljihu, ya rubuta a bayan wani ambulan:

Talatin da tara. Da nawa, arba'in.