Wa Ke Share Mana Gona?

"Safi... tsaya! Kada ka ƙara taku ɗaya!"

Na riƙe hannun rigarsa. Rana tsaka ce, amma ko kukan tsuntsu babu a gonar.

"Mene ne kuma, Ikilimata?"

"Dubi gindin mangwaron can. Wa ya share?"

An share wurin tas. Ga layin tsintsiya a kan rairayi, ga sawun ƙananan ƙafafu ba takalmi, sun shiga kangon ɗakin da ke tsakiyar filin. Jiya-jiyan nan muka bar wurin cike da busasshen ganye.

Wata uku ke nan da Safiyullahi ya sayi filin can bayan Ashige, a farkon 2004, kuma saboda ni ya saya. Da ya aiko neman aurena, Baba cewa ya yi ba zai ba wa Bafulatanin da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa 'yarsa ba, gobe sai ya kaɗa shanu ya ɓace da ni. Safi bai yi musu ba. Ya sayar da bijimansa biyu, ya sayi gidan gonar iyayen wani ɗan Tibi mai suna Iortyer, mai gyaran babur a Akurba. Tun rikicin da ya tashe su shekara uku baya, Iortyer bai sake taka wurin ba. Ko ranar nuna iyaka a bakin hanya ya tsaya yana nuni da yatsa.

Ni da na karanta aikin gona, har na gama tsara inda za mu sa doya da inda za mu sa agushi.

Safi ya leƙa kangon, ya fito fuskarsa ta canza.

"Ba kowa... sai tulu. Kuma ruwan ciki sabo ne."

Sai muka ji wata siririyar murya daga cikin dogayen ciyayi, tana ja kamar mai kiran yaro cin abinci.

"Sewueeese..."

Ban san lokacin da na kai bakin titi ba!

Kuskurena ɗaya, na ba ƙawata Hawwa labari. Kafin kwana biyu ya kai kunnen yayanta Saleh, mai shagon siminti a Azuba, wanda ya daɗe yana nemana ina ƙi. Ya je har zaure ya gaya wa Baba wai da gangan Safi ya sayi gonar matattu, tsafin dukiya zai yi, kuma ni zai bayar.

"Na raba ku!" in ji Baba. "In na sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidana, ban yafe miki ba."

Ranar na yi kuka har idona ya kumbura. Safi ya aiko mini da wasiƙa: "Hasken idona, zan bar filin. Ba zan haɗa ki da mahaifinki ba."

Ni kuwa na san in ya bar filin, ni ya bari.

Washegari da hantsi na hau acaɓa ni kaɗai. Na ɓuya a bayan kangon ina karanta duk addu'ar da na iya.

Sai ciyawa ta fara motsi...

Shaaa... shaaa... ƙarar tsintsiya.

Wata 'yar tsohuwa ce, ta rame kamar kara, kanta fari fat, da baƙin zane mai ratsin fari. Ta share gindin mangwaron, ta durƙusa ta shafa wani tudun ƙasa da na ɗauka tsohuwar kunyar doya ce. Kabari ne!

Ta juyo a hankali ta hango ni, ta zuba mini ido.

"Sewuese... ka dawo?"

Ta kama hannuna. Na runtse ido ina jiran sanyin gawa.

Hannun da ɗumi.

"Mama," na ce, "wane ne a nan?"

"Maigida na. Yara duka sun tafi. Ni zan share masa."

Na bi ta har tsallaken rafi, zuwa wata ruga. Matar Arɗo ta ce a daji suka tsince ta lokacin rikicin, ba ta iya faɗin ko sunanta, suka riƙe ta. Bana ne kawai ta fara sulalewa da safe, ba su san inda take zuwa ba.

Daga can shagon Iortyer na wuce.

"Wace ce Sewuese?"

Sifanar da yake gyaran babur da ita ta faɗi daga hannunsa.

"Ƙanwa na ne, yana Makurdi. Wa ya gaya maka sunan?"

"Mamarku."

"Mama na ya mutu, sista. Mun nema, mun nema, har coci ya yi addu'a..."

"Tana raye. Tashi mu je."

Na roƙi Baba ya biyo mu rugar ya gani da idonsa, Safi ma na aika masa. A gabansu Iortyer, ƙaton mutum, ya zube a ƙasa yana ihu, "Mama! Mama Ngunan!" Tsohuwar ta daɗe tana shafa fuskarsa kafin ta ce, "Iortyer... ka yi gemu."

Baba ya juya baya yana goge ido da bakin babbar riga.

Da Iortyer ya natsu, Safi ya ce, "Ɗan'uwa, ban san da kabarin mahaifinka na saya ba. Karɓi filinka."

"A'a, ciniki ya ƙare. Gindin mangwaro kawai ka bar mana."

"Da ɗakin. Zan yi masa sabuwar jinka, Mama ta zauna in tana so."

Baba ya juyo ya dubi Safi.

"Kai, yaro. Ka turo manyanka ranar Juma'a. Shi kuma Saleh, zan ga ubansa."

Safi ya sunkuyar da kai, amma na ga murmushin da yake ɓoyewa.

Bayan sallar layya aka ɗaura mana aure. Mama Ngunan ta yi damina biyu tare da mu, ita ta koya mini tara kunyar doya irin ta Tibi, tana dukan hannuna in na yi ta karkace. Da ta rasu, Safi da Iortyer ne suka haƙa kabarin tare, kusa da na mijinta, ni da Sewuese muna riƙe da juna.