Ɗakin Zuma ko Gadon Rodi

Ranar da Horia ya fara shigowa shagon, Ilinca tana cikin tirelar nuni tana goge tagar da ba ta taɓa kallon komai ba sai bangon garejin maƙwabta. Ta daɗe tana sayar wa mutane tirelolin kwana, irin ƙananan gidajen da mota ke ja, a bakin garin Slatina. Ita ke zaɓa musu katifa da murhu da labule, su ja abinsu su nufi teku, ita kuwa ta hau bas ta koma gidan bene, hawa na huɗu, wurin mahaifiyarta.

"Sannu da aiki. Ke ce mai karɓar oda?"

Ta juyo. Dogo ne, rana ta dafa shi, idonsa na hagu a kumbure har ya kusa rufewa.

"Ni ce. Wa ya naushe ka, yallaɓai?"

"Ma'aikatana. Ƙudan zuma nake kiwo, ba su san darajar maigida ba."

Dariya ta kufce mata, ta rufe baki da tsumman da ke hannunta.

Ya ce shi mai bin fure ne. Da bazara yakan kai akwatunan ƙudansa dajin itatuwan salkam masu fure, daga nan itatuwan tei na can wajen Tulcea, daga nan gonakin fure mai bin rana. Tsohuwar tirelar mahaifinsa ta fara yoyo, ya gaji da kwana da bokiti a gefen kai.

"Ina son komai. Sola, babban batir, talabijin, rumfa..."

"Tsaya tukuna. Wace mota za ta ja?"

Ya faɗa mata. Ta girgiza kai.

"To motarka ce mai yanke hukunci, ba ranka ba. Duk abin da ka ƙara nauyi ne. In ka ɗora wannan, sai ka sauke wancan."

Ta kai shi bayan tirelar. Nan ne babban zaɓin yake, in ji ta. Ko a yi masa ɗakin ajiya mai ƙofar waje, wanda zai ɗauki injin tatsar zuma, ko a yi gado mai hawa biyu na yara. Wurin ɗaya ne, ba ya ɗaukar biyu.

"Ɗakin zuma," ya ce ba tare da wani tunani ba. "Ba ni da yaran da zan kwantar."

Ta rubuta. Ta gaya masa kamfani ba zai fara ƙira ba sai bayan Ista, kafin nan yana iya canza abin da ya ga dama.

Ya kuwa yi ta canzawa. Ranar Talata ya dawo a kan labule. Ranar Alhamis ya dawo ya ce a mayar da labulen farko. A zuwa na gaba ya ajiye mata kwalbar zuma a tebur, ya manta abin da ya ce ya kawo shi. Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Ilinca, gaskiya ba ruwana da labule. Ko buhu kika rataya zan karɓa. Zo mu sha gahawa a bakin kogi ranar Lahadi."

Ta rubuta masa amsa.

"Mai zuma, ka sani tun yanzu. Ina da 'ya, Rodi, shekararta huɗu. Ubanta ya tafi aiki Jamus ya yi wani auren. Inda ƙafata ta taka, nan tata take takawa."

"To ku zo ku biyu. Ita me take sha?"

Rodi ta tsaya bayan siket ɗin uwarta tana leƙensa, sannan ta tambaye shi ko ƙudan zuma suna da mama. Ya durƙusa ya ce suna da ita, sarauniya ce, duk inda ta je sai su bi ta. Tun daga ranar yake kiran Ilinca Sarauniya, Rodi kuma ta sa masa Kawu Mai Ido Ɗaya, har bayan idon ya sace.

A gida kuwa numfashi ma sai da dabara. Ɗaki biyu ne, Ilinca da Rodi a ɗaya, mahaifiyarta Mama Veta a ɗaya, kuma ba a buɗe taga don kada iska ta kama wuyan yarinya. Mama Veta ta san lokacin kowace bas. In Ilinca ta makara, za ta tarar da ita a baranda da waya a hannu.

"Mutumin da gidansa ke da taya ba miji ba ne," in ji ta, tana tuƙa tuwon masara. "Ga Pavel nan a ƙasanmu, mai kantin magani, mutum mai natsuwa. Jiya ma ya aiko wa Rodi da maganin ƙarin jini."

"Mama, Rodi lafiyarta lau."

"Saboda yana aikowa ne."

Pavel ba mugu ba ne. Matarsa ta rasu, yana gaishe da kowa a matakala. Amma duk lokacin da Ilinca ta tuna aurensa, abin da take gani shi ne ta kwashe kayanta ta sauka hawa ɗaya, tagar nan dai, bangon nan dai, takun Mama a saman kanta har tsufa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gidan. Ilinca tana ƙarama Mama Veta ta tafi Italiya jinyar tsofaffi, ta bar ta wurin kaka a ƙauye, kamar yadda rabin matan layinsu suka yi. Ilinca ta girma tana jiran bas mai kawo kwali da takalma. Ranar da ta haifi Rodi ta yi wa kanta alkawari ɗaya: wannan yarinyar ba za ta taɓa tsayawa a taga tana jiran uwarta ba.

Horia ya zo neman aure wata Lahadi, da furanni da zuma, cikin kwat ɗin da ta matse shi a kafaɗa. Ya sumbaci hannun Mama Veta. Ta cika masa faranti da naɗin kabeji da nama, ta zuba masa ido har ya cinye, sannan ta ajiye cokali.

"Na ga 'yata ta kafe. To ga sharaɗina. Ku bi furenku duk bazara, amma Rodi tana nan wurina. Ba za a kai mini jika cikin ƙudan zuma ba. In sanyi ya shigo kun dawo, ta gan ku."

Ilinca ta kalli Horia. Ya kalli farantinsa, kunnuwansa sun yi ja.

"Yadda kika gani, Tanti Veta," ya ce.

Ilinca ba ta san yadda ta kwashe kwanukan ba. Ta tsaya a kicin ruwa na zuba a hannunta, maganarsa ta ranar farko tana dawo mata: ba ni da yaran da zan kwantar.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Sarauniya, kin yi shiru. Na ɓata wani abu ne?"

"Zumata, ko kalma ɗaya. Yau har ƙudan sun ga ba ni da daɗi, ba wanda ya harbe ni."

Ta kife wayar. A satin nan Pavel ya tare ta a matakala, ya ce ya sa an yi wa ƙaramin ɗakinsa fenti ruwan hoda, in Rodi tana so ta zo ta gani. Rodi ta gani, ta yi tsalle a kan gadon. Ilinca ta tsaya a bakin ƙofa tana jin kamar bangon yana matsowa. A nan aƙalla ba za a raba ta da 'yarta ba. Duk uwa ta san irin wannan lissafin, ba ya buƙatar zuciya ta yarda.

Ranar Laraba ta rubuta masa.

"Horia, ba ka yi laifi ba. Ka zaɓi abin da ya dace da kai tun ranar farko. Ni ba na tafiya ba Rodi. Odarka za ta rufe ranar Juma'a, in akwai gyara ka turo."

Bai turo ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi da kansa, da kayan aiki a jikinsa, yana ƙanshin hayaƙi.

"Na zo gyara oda."

"Labule ne?" ta ce ba ta ɗago ba.

"Bayan tirela. A cire ɗakin zuma, a sa gadon."

Alƙalamin ya tsaya a hannunta.

"Kada ka yi don tausayi. Na ji amsarka a teburin Mama."

"Kin ji abin da ake faɗa a teburin uwar yarinya. A gidanmu ba a musa wa mace kana cin abincinta, ubana zai tsinke ni da mari ko da furfurata. Kuma Ilinca, ba ni na haifi Rodi ba. Na ga ba ni da bakin da zan ce a ba ni ita. Na yi ta jira ki ce wani abu in bi bayanki, sai kika tashi da kwanuka."

"Ni kuma kai nake jira."

"To ga mu nan, wawaye biyu." Ya jawo kujera ya zauna. "Ba na son bazarar da babu mai tambayata ko ƙudan zuma suna yin fitsari."

Ta goge ido da bayan hannu, sai mai karɓar oda ta dawo jikinta.

"Ka san abin da kake saukewa? Injin ba zai sami wuri ba. Duk tatsa sai ka loda saƙar zuma a mota ka kai ƙauyenku ka dawo. Daga Tulcea wuni guda ne."

"Na sani. Na yi ta juya abin tun Laraba. Zan yi tuƙin."

"Gadon sama sai da makari, tana birgima cikin barci."

"Sa."

"Ƙofar raga da ragar kowace taga. Da hita mai rufaffen wuta, ba mai harshe a waje ba."

"Sa duka."

Ta duba nauyin. "Mun wuce abin da motarka za ta ja."

"Cire talabijin."

"Bai isa ba."

"Cire rumfar."

"Rumfa tana nan, a ina yarinya za ta yi wasa da rana? Babban batir zai tafi, ƙarami ya ishe mu."

Ya dafe ƙirji. "Batir ɗin da na yi shekara ina mafarkinsa! Sarauniya, ba ki da imani."

"Saura ɗaya, kuma ba a takarda yake ba. Sai likita ya gwada jininta a kan harbin zuma. In jikinta ba ya ɗauka, ba inda za mu."

Fara'ar ta bar fuskarsa. "In ba ya ɗauka, akwatunan su zauna a daji, tirelar ta zauna nesa da su. Ni ne zan riƙa zirga-zirga."

A nan ne ta miƙa masa hannunta a kan teburin.

Gwajin ya fito lafiya. Saura Mama Veta, kuma wannan karon Ilinca ba ta jira kowa ya yi magana a madadinta ba.

"Mama, da Rodi za mu tafi."

"Kin manta sharaɗina?"

"Ban manta ba. Na kuma tuna tagar Kaka. Na san don ni kika tafi, ban taɓa ƙin ki ba. Amma na san abin da yaro ke gani ta wannan tagar, ba zan tsayar da 'yata a can ba."

Mama Veta ta juya baya tana gyara tukunyar da ba ta buƙatar gyara. Can ta ce, da muryar da Ilinca ba ta saba ji ba, "Ni kuma fa? In zauna ina magana da firiji?"

"Gadon hawa biyu ne, Mama. Na ƙasa babu kowa."

Kwana da kwanaki suka wuce. Ranar da tirelar ta iso, sai ga Mama Veta a shagon da jakarta a hammata. Ta girgiza makarin gadon da ƙarfinta. Ta tura yatsa a raga tana neman ɓula. Ta shinshina hita. Sannan ta cire takalmi ta miƙe a gadon ƙasa, Rodi na leƙo ta daga sama.

"Katifar nan ta yi tauri. Wa ya zaɓa?"

"Ni ne, Tanti Veta," in ji Horia.

"Da gani. A canza kafin furen tei, bayana ba na yarinya ba ne."

Aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyen su Horia, aka ɗora musu rawanin aure, Rodi na riƙe da gefen rigar uwarta ta ƙi saki. Pavel ma ya zo, ya ba su akwatin maganin harbi da ya ɗaure da kirtani ja, ya ce a ajiye kusa da ƙofa. Aka yi rawa a da'ira har ƙafafu suka gaji.

Da baƙi suka zo sallama, kowa ya yi musu addu'ar da ake wa ango da amarya, Allah ya ba su gidan dutse. Mama Veta ce ta ƙarshe. Ta kama kan Ilinca ta sumbata, ta kama na Horia, sai da ya sunkuyo.

"Allah ya ba ku gidan dutse," ta ce. Ta dubi tirelar da aka yi wa ado da furanni a bakin hanya, ta ja hanci. "Ko da mai taya ne. Allah ya raya mana Rodi a tsakaninku."

Washegari da safe suka kama hanyar Tulcea. Ilinca ta sauke gilashin motar har ƙasa. Daga kujerar baya Mama Veta ta buɗe baki za ta yi maganar iska, sai ta ga Rodi ta rufe ido tana dariya gashinta na tashi. Ta jawo gyale ta naɗa wa yarinyar a wuya, ta bar tagar a buɗe.