Ƙoshin Inna Kande

Mizani ya fara aiki tun kafin lomar farko ta gama sauka. Girmansa bai kai ƙwayar wake ba, an dasa shi a bakin tumbin Inna Kande, daidai inda jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa ta ratsa. Ya auna tuwon da ya shigo, ya ɗanɗana sukarin jini, ya sa jiki ya saki insulin gwargwadon buƙata. A ƙaramin allon da ke ɗaure a hannun 'yarta, Dakta Hurera, wani koren layi ya miƙe sumul.

Hurera ce ta ƙera shi, a cibiyar binciken da ke saman dogayen benayen Sabuwar Gusau. Jikin ɗan Adam, kamar yadda takan gaya wa ɗalibanta, yana da 'yan aikensa. Idan ciki ya yi fayau, tumbi kan tura sinadari zuwa ƙwaƙwalwa cewa a nemo abinci. Idan ya cika, hanji ya tura wani cewa ya isa haka. A jikin mai ciwon suga wannan tsari ne ke wargajewa, shi kuwa Mizani sai ya karɓi ragamar. Da yake ƙoshin kowa daban ne, a watan farko koyo yake yi. Duk lokacin da mai shi ya ce ya ƙoshi, sai ya auna abin da ke cikin tumbi ya riƙe. Kuma don kada a yaudare shi, yana sauraron zuciya. In bugunta ya tashi, ya ɗauka ƙarya ce, ya watsar da maganar. Bayan watan ya wuce ya riga ya saje da jijiya, ba ya ciruwa.

Daga ƙauye aka ɗauko Inna Kande don a yi mata dashen, ta sauka a gidan surukinta Sabi'u, mijin Hurera. Mutumin kirki ne Sabi'u, har kirkin ya yi masa yawa. Duk watan nan bai yarda ta ci abinci ita kaɗai ba. Da an ajiye kwano zai jawo kujera ya zauna.

"Inna, a ƙara miya? Wannan naman fa ba na inji ba ne, na rago ne mai ƙafa huɗu."

Inna Kande takan ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kai loma biyu, ta ture kwanon.

"Alhamdulillahi, Malam. Na ƙoshi."

Hurera tana wajen aiki a lokacin. Allon hannunta kore yake nunawa, ita kuma kore take so ta gani.

Ramar ba ta zo da hayaniya ba. Sai dai awarwaron tsohuwar ya fara zamewa har gwiwar hannu, ta kuma koma neman bargo da rana tsaka. Mizani ya ga abinci kaɗan ke shigowa, sai ya rage wutar jikin gaba ɗaya don lissafi ya daidaita. Da Hurera ta tambaye ta, sai ta ce lafiya lau, ba tare da ta dube ta ba. Hurera 'yar fari ce. Ko sunanta uwar ba ta taɓa kamawa ba, balle ta kai mata kuka.

Ranar da Sabi'u ya yi tafiya, Hurera ta dawo da wuri ta tarar da ita durƙushe a kicin. Ta tuƙa tuwon dawa da hannunta, ta kaɗa miyar kuka, ga kwanon nan kusan a cike, ga amai a gefe.

"Inna! Me ya faru?"

"Ke, rufe ƙofar." Ta share baki da bakin zane. "Na ga gidan ba kowa, na ce bari in ci irin na gida. Daga loma ta uku ya ƙi wucewa. Kamar an sa sakata."

Hurera ta zauna daɓas a ƙasa.

"Da can da kike cewa kin ƙoshi, ba ki ƙoshi ba?"

"A gaban suruki? In zauna ina zuba loma kamar wadda aka kwance daga turke? Ke da boko ya cinye, ni ba a haife ni haka ba."

"Amma Mizani yana gane ƙarya, Inna. Ni na koya masa."

"Wace ƙarya? Tun ina amarya nake faɗin haka."

Shi ke nan abin da ya faru. Zuciyar da ta saba da kawaici tun ƙuruciya ba ta ko motsa ba, Mizani kuwa ya gaskata ta.

Hurera ta kira shugaban cibiyar, Farfesa Tanimu. Fuskarsa ta bayyana a bangon kicin, yana murmushi.

"Dakta, ai ke nake nema. Sakamakon gwaji ya fito. Matan da aka yi wa dashe, musamman dattawa, cin abincinsu ya ragu fiye da rabi, kuma babu wadda ta kawo ƙorafi. Ko ɗaya!"

"Ranka ya daɗe, ba za su kawo ba. Yunwa ce ke cin su."

"Allonki ya nuna yunwa?"

"A'a."

"To, kin gani. Ki huta, kin gaji. An riga an fara raba Mizani a asibitocin ƙauye."

Hanya ɗaya ta rage. Hurera ta bar wata ƙofa a tsarin: idan mai shi ya faɗa da bakinsa cewa bai ƙoshi ba, Mizani zai sake koyo daga farko. Ta jawo kwanon, ta riƙe hannun uwarta, ƙashi ne zalla cikin fata.

"Inna, ki ce ba ki ƙoshi ba. Ki ce a ƙara miki. Shi ke nan."

"A gidan mutane?"

"Gidana ne. Don Allah, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofa, kamar Sabi'u zai ɓullo. Sannan ta sunkuyar da kai, gumi ya tsatso mata a goshi.

"Ban ƙoshi ba," ta ce can ƙasa-ƙasa. "A ƙara mini."

Kunya ta sa zuciyarta ta buga da ƙarfi. Allon ya yi ƙara, rubutu ya fito: bugu ya tashi, ba a karɓi maganar ba.

Suka sake. Suka kuma sakewa. Kowane karo bugun sai ya fi na baya.

Daga ƙarshe Inna Kande ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki faifai ta rufe tuwon.

"Bar shi haka, 'yar nan," ta ce. "Ki ajiye wa maigidanki. In ya dawo zai so ɗumame."