Fitilu Goma Sha Biyu Na Rumfar Habsatu

Ƙarfe takwas ba ta cika ba Habsatu ta shigo komisariyar 'yan sandan Gure, gyalenta a hannu, ƙafafunta duk rairayi. Ita ce shugabar ƙungiyar masu lambu ta kwarin gabas. An nuna mata kujera, ta ƙi zama.

"Shef, an kwashe mana fitilun rumfa. Goma sha biyu, ko ɗaya ba a bari ba."

Anspekta Fadilu ya ajiye kofin shayinsa. Siriri ne, ba ya son dogon zance.

"An fasa ƙofa?"

"Kwaɗon lafiyarsa lau. Abin da ya kashe ni ke nan. Kwana goma sha biyu ina Bune wajen rasuwar yayata. Jiya da yamma na dawo na karɓi makulli hannun mai gadi, yau da safe na buɗe na tarar wayam. Abarshi, sakatarenmu, ya bi gida gida yana cewa ni na kwashe a daren jiya na ba ƙanena ya sayar. Bayan la'asar za su yi taro su tsige ni." Ta buga ƙirji. "Shekarata hamsin da biyu, ba a taɓa ce mini ɓarauniya ba."

Fadilu ya dubi agogo, ya ce wa Birgadiye Jibo ya tayar da mota.

Rumfar tana can ƙasan kwari, tsakanin tuddan rairayi, doguwa, an rufe ta da leda da raga. A ciki tumatir ya fi mutum tsayi, an ɗaure shi da igiya, ganye ya cunkushe layi bayan layi.

"Hajiya, ranar Gure ba ta ishe ku ba, sai kun ƙara da fitila?" in ji Fadilu.

"Durƙusa ka gani, ɗana."

Ya durƙusa. Ƙarƙashin ganyen duhu-duhu ne kamar bakin rijiya.

"Na sama ne ke cinye ranar," in ji ta. "Na ƙasa sai inuwa. Shi ya sa muka rataya fitilun LED a tsakiyar layi, daidai gwiwa. Dogaye ne kamar sanda, haskensu ja da shuɗi, ba sa ƙona ganye. Da rana muke kunna su, da kuran ɗin panno, wato wutar faifan sola. Tun da muka sa su, har reshen ƙasa yake 'ya'ya."

Fadilu bai tashi ba. Ya tsinko wani ganye, ya yi rawaya. A kan rairayin ga furanni sun zube, sun bushe ƙayau.

"Dare ɗaya yana yin haka?"

Habsatu ta karɓi ganyen, ta juya shi. Tashin hankali bai bar ta ta duba ƙasa ba da safe.

"Ina! Wannan ya fi mako bai ga haske ba."

"Ke kuma kina Bune."

Mai gadin, tsoho Mainasara, yana tsugune a gindin dabino yana jan carbi da sauri.

"Baba, yaushe rabonka da ganin fitilun nan a kunne?"

"Jiya, Shef. Jiya da azahar, da idona."

"Ka shiga ciki?"

"Na leƙa."

Fadilu ya ɗora masa busassun furannin a tafin hannu.

"Ka girme ni a lambu, Baba. Kai ka gaya mini kwanan waɗannan."

Tsohon ya dube su. Carbin ya tsaya.

"Wa ka ba makulli?"

"Shef, surukina ne. 'Yata yake aure. Da wane baki zan..."

"Da bakin da ka ce jiya da azahar."

Mainasara ya sunkuyar da kai. Washegarin tafiyar Habsatu, in ji shi, Abarshi ya karɓi makulli ya ce zai yi feshin magani, kada kowa ya shiga sai shugaba ta dawo. Ruwa dai daga waje ake buɗe famfonsa, ba wanda ya damu. Abarshin ne kuma ya ce masa in an tambaya ya ce fitilu suna nan har jiya.

Abarshi ya tarbe su a zaurensa da babbar riga, ya shirya wa taro tun kafin azahar.

"Feshi na yi, Shef, na mayar da makulli. Tsohon nan ya fara ruɗewa, kowa ya sani. Ni da na ce tun farko kunna fitila da rana tsaka hauka ne, me zan yi da su? Ku bincika gidana in kuna so."

"Muna so."

Jibo ya duba ɗakuna, bai ga komai ba. Fadilu ko ɗakin bai shiga ba. Ya tsaya a tsakar gida gaban wani rago fari, ƙato, gashinsa sai sheƙi.

"Masha Allah. Na gasa ne?"

Fuskar Abarshi ta saki. "Baje kolin dabbobi na watan gobe. Bara Usmanu mahauci ya kayar da ni. Bana sai dai ya yi kallo."

"Me kake ba shi?"

"Dusa da harawa, kamar kowa."

Fadilu ɗan makiyayan Gidigir ne, a bayan tumaki ya girma. Ya sa bakin takalminsa ya murje kashin ragon. Laushi gare shi, kore shar.

"Watan huɗu muke, Malam Abarshi. Daga nan har Gidigir ba ɗanyar ciyawa. Ragon da ke cin harawa kashinsa baƙi ne, yana gangarawa kamar tsakuwa."

"To... wani lokaci ganyen kabeji."

Fadilu ya sa hannu cikin kwamin ragon, ya zaro ƙwayar masara ɗaya. Tana da saiwa fara a ƙasa, a sama kuma tsiro kore, tsayin taƙi.

"Kabejinka da saiwar masara yake zuwa?"

Abarshi ya waiga. Idonsa ya kai kan rufin ɗakin girki, Fadilu ya bi shi da kallo. Panno ne a can, da wata sabuwar waya da ta bi bayan katanga ta shige wani tsohon ɗakin kaji da aka toshe tagarsa da buhu.

Jibo ya sa kafaɗa. Ƙofar ta faɗa ciki.

Haske ja da shuɗi ya wanke musu fuska. Farantai ne jere a kan katako, hawa uku, kowanne cike da tsiron masara kore kamar tsakiyar damina. Bisa kowane hawa fitilu huɗu.

Abarshi ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa.

"Aro na yi niyya," ya ce a hankali. "Na ga yadda reshen ƙasa yake 'ya'ya, na ce bari in gwada wa rago. Kwana shida masarar ta tashi. Sai na kasa mayarwa."

"Habsatu fa?"

"In an tsige ta, rumfar hannuna za ta dawo. Wa zai tambaye ni?"

"Miƙo hannu."

Ana sallame la'asar motar ta tsaya a bakin kwari. Mutum sun fi arba'in a kan tabarmi, Habsatu ita kaɗai a gefe, ba wanda ya matso kusa da ita. Jibo ya sauko da fitilun, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a gaban taron. Sannan ya buɗe bayan mota, kowa ya ga sakatare da ankwa.

"Faɗa musu," in ji Fadilu.

Abarshi bai ɗago kai ba. "Ni na ɗauka. Ba ruwan Habsatu."

"Ba su ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka har tuddan suka amsa. Waɗanda ɗazu suka kau da kai su ne suka fara rige-rigen riƙe hannunta. Habsatu ta miƙe, ta gyara gyalenta, ta dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai mai sauran magana a kaina?"

Ta juya ga matan.

"To kowace ta ɗauki fitila. Rana ba ta faɗi ba."

Mata goma sha biyu suka bi ta a jere zuwa rumfar. Jibo ya rufe bayan mota, ya ja ta ya hau tudu da Abarshi.